Tetra da Koridoras a Akwati Ɗaya: Littafin Aikin Kiwon Kifin Ado a Katsina

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau da hantsi mai gilashi ya kawo akwatin da na ba shi aikinsa makonni uku da suka wuce, muka sauke shi mu huɗu daga bayan a-kori-kura, kowa yana ɗari-ɗari kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsawonsa santimita 90 ne, faɗinsa 40, tsayinsa 45, wato idan aka cika shi maƙil zai ci lita 162, ko da yake bayan an zuba yashi da duwatsu, aka kuma bar ɗan fili a sama, ruwan da zai zauna a ciki ba zai wuce lita 140 ba. Na sa an yi shi da gilashi mai kaurin milimita 8, domin kowace lita ta ruwa kilo guda ce, kuma idan aka haɗa da nauyin gilashi da na yashi, abin da zai hau kan mazaunin ya kusa kilo 200. Saboda haka ban yarda da tebur ba. Mai walda ne ya yi mini mazauni na ƙarfe, na shimfiɗa katako a kai, sannan na ɗora farin soson nan da ake kunshe firij da shi, don kada wata tsakuwa ta tokare gilashin ƙasa. Na cika shi da ruwa a tsakar gida, zan bar shi kwana biyu in ga ko silikon ɗin da aka manne gilasan da shi zai yi yoyo, tun da gara ya zuba a tsakar gida da ya zuba a kan kafet ɗin uwargida.

Kifi iri biyu nake so in haɗa. Na farko shi ne tetra mai suna neon, ɗan ƙaramin kifi na kogunan Amazon wanda bai cika wuce santimita huɗu ba, mai shuɗin layi daga ido zuwa kusa da wutsiya da ja daga tsakiyar jiki zuwa baya. Na biyu shi ne koridoras, shi ma ɗan Kudancin Amurka ne, mai gashin baki, wanda ba ya rabuwa da ƙasan ruwa. Dalilin haɗa su a fili yake: ɗaya yana yawo a tsakiyar ruwa, ɗaya yana tonon yashi, babu mai tsare wa wani hanya, kuma babu mai bakin da zai haɗiye ɗan'uwansa. Dukansu biyu suna da dangi a ruwayenmu, domin tetra babban gida ɗaya suke da kawara da tsage, shi kuwa koridoras danginsa su ne tarwaɗa da ƙurungu.

Kawu ya shigo yana kallon akwatin, ya ce, “To ɗana, idan sun girma nawa za ka riƙa sayar da kilo?” Na ce, “Ranka ya daɗe, babbansu ba zai kai tsawon ɗan yatsa ba, na kallo ne.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya shirya.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Akwatin bai yi yoyo ba, mun shigar da shi falo, na jingina shi da bangon da rana ba ta dukansa da yamma, nesa da taga. Yashin da na zuba na rafi ne, na tankaɗe shi da rariya, na wanke shi a bokiti sau fiye da goma har ruwan ya daina yin ja. Na guje wa tsakuwar da ake fasawa da inji, saboda koridoras yana cusa bakinsa cikin ƙasa ne yana tace abinci, kuma kaifin tsakuwa tare da dattin da ke maƙalewa a tsakaninta suna cinye masa gashin baki. Duwatsun da na tsinto kuwa, kowanne na ɗiga masa ruwan binega; wanda ya yi kumfa na jefar da shi, domin alama ce ta farar ƙasa a jikinsa, kuma zai riƙa narkewa yana ƙara wa ruwa gishirin ƙasa, abin da ake kira nauyin ruwa.

Ruwa biyu nake da su, na famfo wanda ke zuwa mana daga madatsar ruwa ta Ajiwa, da na burtsatsen maƙwabcinmu. Na famfo akwai sinadarin kilorin a cikinsa, wanda yake kashe kifi, yake kuma kashe ƙwayoyin halittar da nake so su zauna a matatar ruwa, wato abin da ke tace ruwan akwatin, don haka nakan tara shi a duro in ɗiga masa maganin cire kilorin kafin in zuba. Da na auna, na famfo ya fi na burtsatse sauƙin gishirin ƙasa, ma'aunin pH ɗinsa kuma, wanda ke nuna tsamin ruwa ko rashinsa, ya tsaya a 7.2, saboda haka shi na zaɓa. Matatar da na sa ta soso ce, wadda ƙaramin injin iska mai cin wat 5 yake tafiyar da ita, kuma da gangan na zaɓe ta, domin batirin sola na gida zai riƙe ta dare da rana ko an ɗauke wuta.

Babu kifi a ciki tukuna, kuma ba za a sa ba sai bayan makonni. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce a gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna mayar da ita naitirait, ita ma guba ce. Wasu kuma su mayar da naitirait ɗin ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sunayen biyu na ƙarshe sun yi kama ƙwarai, kuma na sha rikita su a kan takardar gwaji. Ƙwayoyin nan a jikin soso suke zama, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Kullum ina zuba ɗan tsunkulen abincin kifi ya ruɓe a ciki don su sami abin ci.

Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki na tsawon kwana huɗu, sannan ya washe da kansa. Amoniya ta sauka, naitirait ya hau har launin gwajin ya ƙure takarda. Yara sun gaji da kallon akwatin da babu kowa a ciki, autana har ta ce mini, “Baba, ko dai kifin ɓuya ya yi?”

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Kwana uku a jere amoniya da naitirait suna kan sifili, naitiret kuma ya bayyana, wato matatar ruwan ta kama aiki bayan kwana 35. Na canja rabin ruwan, na dasa ciyawar ruwa iri biyu da ba sa bukatar haske mai yawa, anubiyas da wata mai dogon ganye da ake kira balisneriya. Anubiyas tsiron Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma ba a binne jijiyarsa mai kauri a yashi, sai dai a ɗaure ta a jikin dutse da zare, in ba haka ba ta ruɓe.

Abin da ban yi tanadinsa sosai ba shi ne hunturu. Da asuba ma'aunin zafi ya nuna mini digiri 18 a cikin ruwan, da la'asar kuma 23, kuma wannan hawa da sauka na digiri biyar a yini guda ya fi cutar da kifi a kan sanyin kansa. Na sayo hita mai wat 100 na saita ta a kan digiri 24, amma idan babu wuta ita kaɗai takan zuƙe batir kafin gari ya waye. Dabarar da na samu ita ce in lulluɓe akwatin da tsohon bargo bayan sallar isha'i, in liƙa farin soso a bayansa da gefunansa biyu, kuma da haka hitar ba ta kunna kanta sai jefi-jefi. Ƙura ita ma ta zama aiki, domin kafin yamma sai ta yi yana a saman ruwa, dole na sa aka yanko murfin gilashi, aka bar ɗan rata ta baya don iska.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kifin ya iso. Daga Legas aka ɗoro shi a motar dare zuwa Kano, ni kuma na je na karɓo, na sako ledojin cikin kular ƙanƙara marar ƙanƙara don kada sanyin hanya ya taɓa su. Neon 12 ne da koridoras 6, na irin da aka fi sani da suna Corydoras aeneus, mai launin tagulla, wanda aka fara bayyana shi a rubuce a 1858 daga tsibirin Tirinidad. Sun fi awa 24 a leda kafin su shigo gidan nan.

Ban juye su nan take ba. Na kashe fitila, na ɗora ledojin a kan ruwa na minti 20 don zafinsu ya daidaita, sannan na buɗe na riƙa ƙara ruwan akwati kofi-kofi har rabin awa, daga nan na kwashe su da ɗan raga, ruwan ledar kuma na zubar a waje. Wurin kwashe koridoras na yi kuskure, domin yana da ƙaya mai ƙarfi a fiffikensa na baya da na gefe biyu, kamar dai ƙurungu, kuma idan ya tsorata sai ya miƙe su su kafe. Ɗaya ya sarƙe a raga, wurin ciro shi ya soke ni a babban yatsa, na yi kusan awa guda ina jin zogi. Daga yau da kofin roba zan riƙa kama su. Neon ɗin sun shiga ruwa fari fat, babu shuɗi babu ja, har na ɗauka an sayar mini da wani kifi dabam, amma kafin magariba launinsu ya dawo.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Ranar Talata na ga ɗigo-ɗigo fari kamar ƙwayar gishiri a jikin neon uku, suna kuma goga jikinsu da dutse. Wannan ita ce cutar farin ɗigo da kusan duk mai kiwon kifin ado ya sani, kuma wahalar tafiya da sanyi ne suka ba ta ƙofa. Ƙwayar cutar tana da matakai: tana zama ƙarƙashin fatar kifi inda magani ba ya kai mata, sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, sannan 'ya'yanta su fito suna iyo suna neman wani kifin, kuma a wannan matakin na ƙarshe ne kawai magani ke kashe ta. Zafi yana gaggauta wannan zagaye, shi ya sa na ɗaga hita a hankali zuwa digiri 28 cikin kwana biyu, na kuma ƙara iska.

A nan ne haɗa iri biyu ya fara nuna wahalarsa. Wani abokina mai kiwon tarwaɗa ya ce in zuba gishiri da yawa, kamar yadda suke yi a tankunansu, amma koridoras ba ya son gishiri mai yawa, kuma shi da tetra dukansu maganin farin ɗigo mai launin kore yana yi musu ƙarfi. Rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba na riƙa sawa, ina canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa kowane kwana biyu, ina kuma zuƙe dattin yashi da tiyo. Neon ɗaya ya mutu ranar Alhamis. Sauran sun washe tun jiya, amma zan ci gaba da magani na ƙarin kwana huɗu. Laifin nawa ne, domin da ina da wani ƙaramin akwati na killace baƙi, da cutar ba ta shiga babban ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Makonni uku ke nan lafiya lau, kuma sai yanzu na sami natsuwar zama in kalle su. Neon 11 suna tafiya a ayari idan wani ya gifta ta gaban gilashi, idan kuwa hankalinsu ya kwanta sai su watsu cikin ciyawa kowa ya kama gabansa, saboda haka tafiya a dunƙule alama ce ta tsoro a wurinsu, ba ta jin daɗi ba. Koridoras su ma ba sa son kaɗaici. Su shidan tare suke kiwo, tare suke kwanciya ƙarƙashin ganyen anubiyas. Jikinsu ba ɓawo ba ne irin na karfasa, faranti ne na ƙashi jere biyu a kowane gefe, kuma sunan ma daga Girkanci yake, daga kalmar kwalkwali da ta fata. Duk wanda ya ga 'yan sulke a hawan Sallah a ƙofar Sarki zai gane abin da masu sa sunan suka gani.

Wani halinsu ya tsorata uwargida, ta kira ni a waya tana cewa, “Baban yara, ɗaya daga cikin masu gashin bakin nan ya haukace.” Abin da ta gani shi ne kifin ya taso daga ƙasa a guje, ya caɓi iska a saman ruwa, ya koma. Wannan ɗabi'arsu ce, domin suna haɗiyar iska, hanjinsu ya tsotse iskar numfashi daga ciki, sauran ta fita ta baya. Idan jefi-jefi suke yi, babu komai. Idan suka yawaita yi, to iskar da ke cikin ruwa ce ta yi ƙaranci. Na mayar da wannan ma'aunina na biyu bayan ma'aunin zafi.

Mai sayar da kifin ya gaya mini cewa koridoras ba ya bukatar abinci, wai dattin sauran kifi yake ci. Wannan magana ba ta da tushe, kuma na tabbata ta kashe kifi da yawa da yunwa. Ba ya cin kashi, kuma ba shi da wani tasiri a kan gansakuka. Abin da yake nema shi ne tsutsa da ƙananan ƙwari da abincin da ya nutse. Neon kuwa sun fi shi sauri, sukan cinye garin abincin tun yana sama. Saboda haka na raba musu lokaci: da safe in ba tetra abin da za su cinye cikin minti biyu, da dare bayan na kashe fitila in jefa ƙwayar abinci mai nutsewa guda uku don na ƙasa. Ranar Juma'a ba na ba kowa komai.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Wannan makon na yi asarar da ba ta da alaƙa da ruwa ko cuta. Na yi tafiyar kwana biyar zuwa Funtuwa a cikin azumi, na bar wa ɗan yayata amanar ba su abinci. Yaron ya ji ina cewa koridoras dangin tarwaɗa ne, shi kuma a unguwarsu akwai mai ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa, sai ya karɓo guda ɗaya mai tsawon ɗan yatsa ya saka a akwatin, da nufin ya faranta mini. Da na dawo na ƙirga neon sai na ga takwas, na ɗaga dutse sai ga baƙon ya fito da cikinsa tim.

Na zaunar da shi na ce, “Ɗana, ka yi don alheri, amma kama da wane ba ta wane.” Ya ce, “Kawu, wallahi na ga shi ma ƙarami ne kamar su.” Gaskiyarsa ce a ranar da ya saka shi. Bambancin shi ne koridoras iyakarsa santimita bakwai, bakinsa kuma ƙarami ne yana kallon ƙasa, ita kuwa tarwaɗa bakinta faɗin kanta ne, da dare take farauta, a hannun masu kiwo takan kai kilo guda cikin wata shida, a kogi kuma tana iya wuce mita. Neon da dare yakan sauko kusa da ƙasa ya yi lamo, launinsa ya dushe, wato daidai inda tarwaɗa ke bi. Ko a cikin dangin ƙurungu, waɗanda ake samu a Zobe da Jibiya suna girma fiye da abin da wannan akwati zai ɗauka. Ƙaramin nan na kogin Kwango mai iyo a rigingine shi ne ake iya haɗawa da tetra, shi ma da masu ɗan girma. Tarwaɗar tana cikin duro a bayan gida, yaron ne ke kula da ita, kuma kawuna ya ce ita ce kifin farko mai ma'ana da ya shigo gidan nan.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Na cire hita tun ƙarshen Fabrairu, yanzu kuma bazara ta kankama. Zafin gari yana haura digiri 40 da rana, falo ba ya hucewa ko da dare, ranar Laraba da la'asar ruwan akwati ya kai digiri 32. Neon kifin ƙoramun daji ne masu inuwa, abin da ya fi masa daɗi tsakanin 21 ne da 26. Matsalar zafi biyu ce a haɗe: ruwan da ke digiri 25 yana riƙe iskar numfashi kimanin miligiram 8 a kowace lita, idan ya kai 35 sai ta sauka zuwa wajen 7, alhali a lokacin ne jikin kifi ke ƙara bukatarta, kuma amoniya ma ta fi yin guba a ruwa mai zafi. Koridoras sun riƙa hawa sama kusan kowane minti, neon kuma sun taru a bakin kumfar matatar ruwa suna haki.

Na fara da gorar ruwa mai ƙanƙara, amma na daina, domin takan sauke zafin na awa guda ne ya sake hawa, kuma na riga na ga illar hawa da sauka a hunturu. Abin da ya yi aiki shi ne hikimar randa. Ruwan randa yana sanyi ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska yana tafiya da zafi, kuma a kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000. Na cire murfin gilashi na sa raga, na ɗaura ƙaramar fanka mai aiki da batir tana hura saman ruwa, kuma da yake iskar Afrilu a nan busasshiya ce ƙwarai, zafin ya sauka zuwa 28 cikin yini guda. Kuɗin wannan sanyi shi ne lita huɗu na ruwa da ke tashi kullum. Ruwa ne kawai ke tashi, gishirin ƙasa yana nan, don haka idan na riƙa cikawa da na famfo kullum, nauyin ruwan zai yi ta ƙaruwa. Da tataccen ruwa nake cikawa, canjin mako kuma na mayar da shi kashi ɗaya cikin uku. Na rage abinci, na kuma rage fitila zuwa awa biyar.

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Daren Litinin batir ya mutu wajen ƙarfe biyu, fanka da injin iska suka tsaya tare, babu wanda ya farka. Da asuba ruwan yana digiri 33, neon uku sun mutu, saura biyar. Koridoras shida suna nan, kuma na tabbata haɗiyar iskar nan ce ta cece su. Na raba wa akwatin batirinsa dabam.

Hukuncin da na yanke shi ne ba zan sake sayen neon ba. Hotonsa na gani na zaɓe shi, ban tambayi kaina ko zai iya Afrilu da Mayu a Katsina ba, alhali wata uku na kowace shekara ruwan ɗakin nan yana sama da abin da jikinsa ke so, ko da fanka.

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Bayan Babbar Sallah na karɓo tetra 10 na irin da ake kira kadinal. Ga wanda bai sani ba, shi da neon abu ɗaya ne, amma jan kadinal ya taso ne tun daga ƙarƙashin kai har wutsiya, ya kuma ɗan fi girma. An bayyana shi a rubuce a 1956, shekara 20 bayan neon, asalinsa kuma kogin Negro ne da Orinoko, inda garin Barcelos na ƙasar Brazil ya yi suna wajen kama shi ana fitarwa duniya. Abin da ya ja ni gare shi shi ne ya fi neon jure ɗumi, digiri 28 ba ya damunsa, sai dai ya fi son ruwa marar nauyi mai ɗan tsami.

Wannan karon suna cikin baho mai lita 40 da tasu matatar, wadda na ajiye sosonta a babban akwati tun watan jiya don ƙwayoyin halitta su kama shi, kuma sai sun yi mako uku kafin su haɗu da sauran. Damina ta sauka, na bar ruwan farko ya wanke kwano, sannan na fara tarar ruwan sama. Ba na zuba shi zalla, domin ba shi da abin da ke riƙe pH, yana iya faɗuwa dare ɗaya. Rabi da rabi nake haɗawa da na famfo. Na kuma jefa busassun ganyen almon guda uku, itacen nan ɗan'uwan baushe da ake shukawa don inuwa, ruwan ya yi launin shayi marar kauri. Na lura fanka ta rage tasiri tun da iska ta yi laima, amma gari ma ya sauko, ruwan yana tsakanin 26 da 28.

Lahadi, 6 ga Yuli, 2025

Kadinal tara ne suka shiga babban akwati ranar Alhamis, ɗaya ya mutu a baho tun makon farko. Neon biyar ɗin sun shige cikinsu suna tafiya tare.

Daren Juma'a an yi ruwa mai ƙarfi, jiya da safe na canja kashi ɗaya cikin uku da ruwan da ya kwana a waje, wanda ya fi na akwati sanyi da digiri uku. Kafin azahar koridoras suka rikice, maza biyu suna bin macen da ta fi kowa faɗin ciki, suna hawa gilashi suna sauka. Namijin yakan gitta a gabanta, ita kuma ta sa bakinta a gefen cikinsa, sannan ta saki ƙwai biyu zuwa huɗu cikin fiffikenta na ciki da ta haɗe kamar aljihu, ta je ta goge wuri a jikin gilashi ta manna su. Haka ta yi ta yi har la'asar. Shigowar ruwa mai sanyi ita ce alamar damina a wurinsu, kuma ban yi da niyya ba. Na ƙirga ƙwai 74.

Zaman lafiyar tetra da koridoras bai kai kan ƙwai ba. Ina tsaye kadinal suka fara tsinke na ƙasa-ƙasa, iyayen ma ba su bar su ba. Na jira kamar awa guda ƙwan suka yi tauri, sannan na murzo su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙi na kankaro da reza, na zuba a robar lita biyar da ruwan akwatin, da iska kaɗan da ɗigo biyu na shuɗin maganin da ke hana fumfuna. Guda 41 na tsira da su.

Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Ƙwai 13 sun yi fari, na tsince su da bututun ɗiga magani kafin su shafi na kusa da su. Sauran sun ƙyanƙyashe a kwana na huɗu, suka yi kwana biyu suna kwance da ɗan ƙullin gwaiduwa a ciki ba sa cin komai. Na gwada ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai kamar kan allura, ta ɓata ruwan cikin awa uku, na rasa shida a wannan kuskuren. Yanzu garin abincin manya nake niƙa musu da bayan cokali, sau uku a yini, ina canja rabin ruwan robar safe da yamma da ruwan babban akwati.

Yau saura 19, tsawonsu ya kusa santimita guda, gashin bakinsu ya fito, sun fara tonon siririn yashin da na shimfiɗa musu. Gobe zan mayar da su bahon killacewa, za su zauna a can har su kai santimita biyu, girman da bakin kadinal ba zai iya da su ba. Babban akwatin ba zai ɗauki koridoras 25 ba, saboda haka na je wurin mai gilashi jiya na ba shi awon na biyu, santimita 60 da 30 da 30, ya ce in dawo ranar Alhamis.